Baƙo a Can

Ran da aka haifi babana, ruwa ya taɓa gindin tsamiya.
Kwana uku, ya shiga rumbu.
Ran suna kuwa babu gungu, babu tsamiya,
sai jiragen ruwa goma sha ɗaya a jere,
da tukwane, da irin albasa ƙulle a bakin zane,
da jinjiri wanda ba wanda ya tuna ya raɗa wa suna.

A tudu aka ba su ɗakunan siminti,
duk kama ɗaya, har kaza ta kasa gane gidansu.
Nan mai bishara Ɗan'asabe ya iske su
da kekensa mai kukan gyare,
ya ɗaga yaron sama, ya ce, "Gershom."

Kakana Maigora ya ce, "Wane irin kifi ke nan?"

"Ibraniyanci ne, Baba. Kalma biyu aka ɗinke.
Ta farko baƙo, ta biyu can.
Baƙo a can."

Tsoho ya dubi ruwan da ya haɗiye kabarin ubansa,
ya dubi ƙasar tudu, ja, mai tsakuwa.
Ya ce, "Baƙo a nan dai."
Mai bishara ya ce, "Sunan bai ce nan ba."
Aka bar shi haka, don hura ta fara tsami.

Suna kuwa kamar taru ne,
kowa da inda yake kamawa ya ja.
Malamin firamare ya rubuta Gwarzo,
shekara shida babana yana amsa jaruntar da ba tasa ba.
A kasuwar Yawuri, Garsho mai albasa.
Sarkawa a bakin ruwa, Gasho.
Katin zaɓe ya cinye harafi biyu bai ce komai ba.
Innarmu, don kunya, ba ta taɓa faɗarsa ba,
sai "Kai," sai "Baban Tabita,"
kuma wannan ne kaɗai yake juyowa da sauri in ya ji.

In ruwa ya ja baya, yakan sa ni a goshin jirgi,
mu yi ta tuƙi har Yawuri ta koma kamar ƙwayar gero.
Sai ya tsaya inda babu alama ko ɗaya,
ya zura gora har hannunsa ya jiƙe zuwa kafaɗa.
"Ji nan. Dutsen niƙan kakarki ne."
Ni ban ji komai ba sai sanyi.
Shi da bai yi sati guda a gungun ba,
ya san inda turmi yake, da inda akuya ke kwana.

Na ce, "Baba, to ina ne can ɗin?"
Ya yi dariya har jirgi ya girgiza.
"In ina tudu, can yana ƙarƙashin ruwa.
In ina kan ruwa, ga shi can, inda uwarki ke hura wuta.
Sunan nan bai taɓa yi mini ƙarya ba,
ni ne dai ban taɓa cim masa ba."

Bara muka sa shi a jar ƙasar nan.
Magini ya tambaye ni yadda ake rubutawa,
na rubuta masa a tafin hannu, harafi bakwai,
karo na farko da aka jera su daidai.

Jiya da dare ƙanena ya bugo daga Fatakwal.
Namiji ne, in ji shi, kunnuwan Baba sak.
"Yaya, wane suna za mu sa?"
Ina jin ruwan sama yana dukan kwanon wani gari
da ban taɓa gani ba.
Na buɗe baki.
Ya ce, "Ɗaga murya, ba na jin ki daga can."